Mai cuta sananniya idan ya zo sashen gaggawa: akwai ƙa'idar da ta keɓanta da shi, ko layinsa ɗaya da kowa?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun shekaranjiya abin nan yake cina a rai, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu. Ƙanena mai sikila ne, shekararsa 24. Wajen ƙarfe 1 na dare ciwon ƙashi ya taso masa a baya da cinyoyi, ya sha maganin da yake da shi a gida bai ji sauƙi ba, muka ɗauke shi sai asibiti. Wallahi mun kusa awa 3 a kan benci kafin a yi masa allurar farko. Da na yi magana sai aka ce min ai ga shi nan yana danna waya, da ciwon ya kai yadda nake faɗa da bai iya ba. Da likita ya zo, yaron ya faɗa masa sunan allurar da aka saba yi masa da adadinta, sai na ga fuskar likitan ta canza, ya fara yi masa tambayoyi kamar wanda aka kama da laifi. Tambayata ita ce: shin babu wata ƙa'ida a aikin likita da ta ce mai cuta irin wannan, wadda an san ta an san maganinta, a duba shi da wuri? Ko kuwa dole ya bi layi da mai mura? Kuma mu 'yan uwa me ya kamata mu riƙe a hannu don kada a sake yi mana haka?

Abu_Safwan:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Awa 3 da ciwon sikila ba ƙaramin abu ba ne.

Likitan_Dare:
Hajiya, sannu da jinya. Akwai ƙa'ida, kuma a rubuce take. Da farko dai sashen gaggawa ba ya aiki da wanda ya riga zuwa, yana aiki ne da wanda ya fi kusa da halaka. Ana tantance duk wanda ya shigo a ba shi matsayi. Tsarin da aka ƙirƙira a birnin Manchesta na Ingila, wanda ƙasashe da dama suka ɗauka, launi 5 ne: ja a duba shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa 1, kore awa 2, shuɗi awa 4. Mai tsananin ciwo ba ya cikin kore ko shuɗi.

Ita sikila kuma tana da nata na musamman. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fitar da umarni a 2012 cewa tasowar ciwon sikila lamarin gaggawa ne, a ba da maganin kashe zafi cikin minti 30 da isowar mutum, a riƙa sake duba shi duk bayan minti 30 har ciwon ya lafa. Ƙungiyar likitocin jini ta Amurka a 2020 ta ce kada a wuce awa 1. Kuma umarnin na Ingila ya ce a ɗauki mara lafiyar a matsayin masanin cutarsa, a tambaye shi me ya saba yi masa aiki. Wanda ya shekara 24 yana fama da abu, in bai san sunan maganinsa ba ai shi ne abin mamaki.

Ummi_SS:
Anti Maman Hanif, ina karanta rubutunki hawaye na zubo min, don ni ma an sha faɗa min wannan maganar ta waya. Mutane ba su gane cewa danna wayar nan hanyar ɗauke hankali ce. Tun muna yara muka koyi cewa ihu ba ya rage komai, sai dai ya ƙara maka gajiya, shi ya sa za ki ga babba mai sikila ya yi shiru ya ƙura wa abu ɗaya ido alhali ƙashinsa kamar ana sara da gatari. In ka yi ihu a ce kana wasan kwaikwayo, in ka yi shiru a ce ba ka jin komai. Ni akwai daren da na ciji gefen mayafina har ya huje ina jiran a kira sunana.

Nas_Rabi:
Ba wai ina kare abin da aka yi muku ba ne, kuskure ne kuma bai dace ba. Amma don Allah ku riƙa yi mana uzuri wani lokacin. Wanda ke zaune a benci ba ya ganin abin da ke faruwa a ɗakin ciki. Akwai daren da mu biyu ne a kan aiki, ga wanda ake danna wa ƙirji zuciyarsa ta tsaya, ga mai zubar da jini, ga yaro yana jijjiga. Minti 30 ɗin da likita ya faɗa gaskiya ne, amma sai da hannu ake cika shi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne kallon zargin. Wannan ba ƙarancin ma'aikata ba ne, hali ne.

Dan_Kyamis:
Ni fa ina ganin kada mu rufe ido. Akwai waɗanda allurar nan ta kama su da gaske, suna yawo asibiti-asibiti da sunan sikila. Likita in ya yi taka-tsantsan ba laifi ya yi ba.

Ummi_SS:
Malam Dan_Kyamis, to saboda mutum ɗaya sai a azabtar da ɗari? Kuma ka san me ke tura wasu ga yi wa kansu allura a gida? Wulaƙancin da suke gamuwa da shi in sun je inda ya kamata a yi musu ita a ƙarƙashin kulawa.

Likitan_Dare:
Dan_Kyamis, damuwarka tana da tushe, amma wurin warware ta shi ne asibitin jini da rana tsaka, inda likitan da ya san mutum zai zauna da shi su tsara. Ƙarfe 1 na dare ga mutum yana murƙususu, aikinka ka kashe ciwon ka nemi abin da ya tayar da shi. Wannan zargin ba a ƙasa ɗaya yake ba. A 2021 wani kwamitin 'yan majalisar Birtaniya ya fitar da rahoto a kan yadda ake ƙin sauraron masu sikila a asibitoci, har da waɗanda suka rasa ransu a dalilin haka. Wani abu kuma da zan ƙara wa abokan aiki: allurar kashe zafi ta fetidin an daina ba da shawarar yi wa masu sikila ita, domin in aka maimaita ta, abin da jiki ke narkar da ita zuwa gare shi yana taruwa ya jawo jijjiga. Mofin ita ce aka fi dogara da ita.

Ummi_SS:
Kuma Anti, ba ciwon ƙashi kaɗai ba. Ni likitana ya ce min in zafin jikina ya kai 38.5 a ma'auni kada in tsaya shan farasitamol ina jiran gari ya waye, saboda saifarmu ba ta aiki kamar ta kowa, ƙwayar cuta tana iya mamaye jini cikin awanni. Ciwon ƙirji da tari da sarƙewar numfashi shi ma gudu ake yi zuwa asibiti. Yaro ƙarami in cikinsa ya kumbura ta hagu, tafin hannunsa ya yi fari fat, ya yi laushi, jini ne ya taru a saifa, ba a kwana da shi a gida. Mazan kuma akwai abin da suke jin kunyar faɗa, miƙewar gaba mai ciwo da ta ƙi kwanciya. In ta wuce awa 1 zuwa 2 a tafi asibiti, kada a bari ta kai 4.

Baba_Tanko:
'Ya'yana ku bari in sa baki, don ba masu sikila kaɗai abin ya shafa ba. Shekarata 17 da ciwon suga, ina allurar insulin. Wata rana na yi allurar safe, wani uzuri ya taso na fita ban ci komai ba. Ina tsaye sai na ji gumi yana keto min, hannuna yana rawa, maganar da nake son faɗa ta ƙi fita daidai. Ina jin mutane a kaina suna cewa wannan dattijo ya sha wani abu ne. Wani yana yayyafa min ruwa, wani yana min fifita. Allah Ya kawo wata yarinya ta laluba aljihuna ta ga ɗan katin da na rubuta da hannuna cewa ina da ciwon suga, in an gan ni a ruɗe a ba ni abu mai zaƙi. Ita ta jiƙa sukari ta ba ni ina iya haɗiya tukuna. Cikin minti 10 na dawo hayyacina. Tun ranar katin nan bai bar aljihuna ba.

Sadiya_M:
Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Amma ina da tambaya. In sugan sama ya yi ba ƙasa ba fa, aka ƙara masa sukari, ba a kashe shi ba?

Likitan_Dare:
Tambaya mai kyau, Sadiya. In akwai na'urar awo a auna: ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, ya faɗi ke nan. A ba shi kimanin giram 15 na sukari, wato babban cokali ɗaya a ruwa, a jira minti 15 a sake aunawa, in bai hau ba a maimaita. In babu na'ura kuma ba a san ko sama ne ko ƙasa ba, a ba da sukarin. Cokali ɗaya ba zai yi wa wanda nasa ya hau wata babbar illa ba, amma faɗuwar suga tana lalata ƙwaƙwalwa cikin ɗan lokaci. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a ga mai suga a sume a ce bari a yi masa allurarsa ta insulin. Kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai ta baki, huhunsa zai wuce. A kwantar da shi a gefensa a nufi asibiti.

Malam_Idi_Direba:
To ni dai abin da na sani shi ne mai farfaɗiya in ta tashi a sa masa cokali a baki kada ya haɗiye harshensa. Na taɓa yi wa wani yaro haka kuma ya tashi lafiya.

Yayar_Nura:
Malam Idi don girman Allah kada ka sake. Babu mai iya haɗiye harshensa, a ɗaure yake da ƙasan baki. Ƙanena yana da farfaɗiya tun yana ɗan shekara 9, haƙoransa biyu na gaba a karye suke har yau saboda cokalin da wani mai son taimako ya tura masa. Yaron da ka ce ya tashi lafiya, da ma zai tashi, don yawancinta tana tsayawa da kanta cikin minti 2 zuwa 3. Abin da muke yi a gida: mu janye duk abin da zai buge shi, mu sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, mu sassauta wuyan riga, ba ma danne shi, ɗaya daga cikinmu ya duba agogo. Da ta lafa mu juya shi gefe yawu ya zuba. In ta wuce minti 5, ko ta sake tasowa bai farfaɗo ba, to asibiti ne babu jira. Kuma yawunsa ba ya sa wa kowa cutar, ku daina gudu kuna barin mutum shi kaɗai a ƙasa.

Malam_Idi_Direba:
Ikon Allah. Wallahi da kyakkyawar niyya na yi. Na gode da gyara, 'yar uwa.

Ungozoma_Hadiza:
Ƙari a kan maganar Yayar Nura. In mai jijjigar mace ce mai ciki, musamman cikin da ya wuce wata 5, ko wadda ta haihu kwanan nan, ba a jiran minti 5 ɗin nan ko kaɗan. Wannan jijjigar hawan jinin ciki ce har sai an tabbatar ba ita ba ce, kuma maganinta daban ne, magnesiyam salfet ake yi mata. A kwantar da ita a gefen hagu a taho da ita. Kafin ma a kai ga haka, ciwon kai mai tsanani, ganin wuta-wuta ko hazo, ciwo a saman ciki, kumburin fuska, ko awon jini ya kai 160 bisa 110, kowanne daga ciki ya isa a taso.

Maman_Hanif:
Na gode ƙwarai da gaske, na ƙaru da abubuwan da ban ma tambaya ba. Amma ku dawo min kan ɗaya ɓangaren. Baba Tanko ya yi maganar kati. Likita, me ake rubutawa a ciki? Kuma in ni na rubuta da hannuna, wa zai yarda da shi a asibiti?

Likitan_Dare:
Iri biyu ne, Hajiya. Na Baba Tanko na mutanen kan hanya ne, layi biyu ya isa. Wanda za a nuna wa likita kuwa gara likitan da ke bin ƙanen naki ya rubuta, ya sa hannu da hatimi da kwanan wata da lambar fayil. A ciki a sa nau'in sikilarsa, magungunan da yake sha kullum, wanda jikinsa ba ya karɓa, allurar da ke yi masa aiki da adadinta, yawan jininsa na yau da kullum, rukunin jininsa, da ko ya taɓa samun matsala wajen ƙarin jini. Wancan na yawan jini yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Mai sikila da ya saba zama a kan 7 ko 8, in na ga 7 ba zan firgita in ɗora masa jinin da ba ya buƙata ba, amma in na ga 5 na san akwai abin da ke faruwa. Ba tare da takardar ba ina lalube ne a duhu.

Matar_Alhaji_B:
Ni ma wannan takardar ce ta cece mu. Maigidana yana wankin ƙoda sau 3 a mako, an haɗa masa jijiya a hannun hagu ta inda ake saka shi a inji. Wannan hannun ba a ɗaura masa abin awon jini, ba a ɗibar jini a cikinsa, ba a sa masa ƙarin ruwa ta nan. Ranar da muka je wani asibiti da ba su san shi ba, kafin in ajiye jaka har an naɗa masa abin awo a hannun. Na riƙe hannun nas ɗin na ce 'yata tsaya, na nuna mata takardar. Ta ba da haƙuri ta koma dama. Sannan ga batun ƙarin ruwa. Mutane suna ganin duk wanda ya galabaita leda biyu za ta tashe shi. Wanda ƙodarsa ba ta fitar da fitsari, ruwan nan huhunsa zai tafi.

Nas_Rabi:
Gaskiya ne Hajiya, kuma haka oksijin yake. Kowa yana ganin in an ƙara shi alheri ne. Yawancin mutane muna neman awon oksijin na jininsu ya tsaya tsakanin 94 da 98, amma mai daɗaɗɗen toshewar huhu, irin wanda ya shekara da shekaru yana shan taba, 88 zuwa 92 ake nema masa. In aka buɗe masa da yawa, gurɓatacciyar iska ce ke taruwa a jininsa, ka ga ya fara gyangyaɗi, 'yan uwa suna murna ya samu barci alhali tafiya yake yi. Sau nawa ina juya baya ɗan jinya ya murɗa kan tukunyar ya ƙara.

Zainab_Asma:
Masu asma kuma don Allah a daina kwantar da mu. Zaune ake barin mutum, ya ɗan karkato gaba. Shuɗin abin shaƙar nan, fesa ɗaya duk bayan rabin minti zuwa minti ɗaya, har sau 10. In bai sake ba, ko mutum ya kasa haɗa jimla ɗaya, ko leɓensa ya canza launi, a tafi. Kuma in ƙarar numfashin ta ɗauke alhali mutum yana ƙara galabaita, ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina shiga. Ni asfirin da ibufurofen suna tayar min da ita, shi ne abu na farko a katina.

Kabiru_Injiniya:
Ni nawa darasin da tsada na saye shi. Mahaifinmu yana shan wafarin, maganin tsinka jini, saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Ya zame a banɗaki ya bugi ƙeyarsa, ya tashi da kansa, ko jini bai fita ba, ya ce mana kada wanda ya tayar da hankalinsa. Muka bar shi. Kwana biyu bayan nan ya fara kiran ƙanwata da sunan mahaifiyarsa, yana jan ƙafa ɗaya. Da aka yi hoton kai aka ga jini ya taru a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. An yi aiki, ya rayu, amma bai koma yadda yake ba. Likitan da ya yi aikin ya ce duk mai shan irin wannan magani in ya bugi kansa, ko da yana dariya, a kawo shi a ranar kuma a faɗi sunan maganin tun a bakin ƙofa. Babu wanda ya taɓa faɗa mana haka a shekara 6 da ya yi yana sha.

Abu_Safwan:
Allah Ya ƙara wa Baba sauƙi. Ni na ji an ce in mutum ya faɗi, bakinsa ya karkace, a ba shi asfirin ya tauna kafin a isa asibiti. Haka ne?

Likitan_Dare:
A'a Malam, an haɗa maka abu biyu ne. Tauna asfirin na wanda ake zaton bugun zuciya ne, mai ciwon ƙirji kamar an ɗora masa dutse, in jikinsa yana karɓarta kuma ba ya zubar jini. Shanyewar ɓarin jiki kuwa iri biyu ce, ta toshewar jijiya da ta fashewarta, kuma ido ba ya bambance su sai hoto. In fashewa ce ka ba da asfirin ka ƙara wa wuta fetur. Abin da za ka yi mana shi ne ka riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, domin allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yin ta.

Hauwa_Lagos_ba:
Ba a yi maganar masu shan sitiroid ba. Wanda jikinsa ba ya samar da sinadarin kotisol, ko wanda ya daɗe yana shan maganin sitiroid irin su firednisolon, in amai ya hana shi riƙe maganinsa ko ya yi haɗari, jininsa yana iya faɗuwa warwas. Allurar haidirokotison miligiram 100 ake yi wa babba nan take, ba a jiran sakamakon gwaji. A Ingila tun 2020 akwai katin gaggawa na musamman da ake ba su saboda an yi ta rasa mutane a kan wannan. Haka mai karɓar maganin ciwon daji ta jijiya, in zazzaɓi ya kai 38, ana so a fara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa 1.

Dr_Shehu_K:
Na bi muhawarar tun daga sama, kuma ina tare da abokin aikina a kusan komai. Amma bari in ja birki kaɗan a kan batun kati, don kada a ɗauka takarda tana maye gurbin dubawa. Na taɓa karɓar wata mai sikila da ciwon ciki, kowa har ita kanta ya tafi a kan cewa ciwon da aka saba ne, aka yi ta kashe zafi kwana biyu. Ashe afendiks ne ya kumbura. Sunan cutar da ke kan kati yana iya rufe wa likita ido ya kasa ganin sabuwar da ta shigo. Haka mai farfaɗiyar da ya faɗi, wataƙila yau sugansa ne ya sauka ko sanƙarau ne. Saboda haka in likita ya tsaya yana tambayoyi yana latsa ciki, ba kullum zargi ba ne. Sannan takardar da aka rubuta shekara 4 da suka wuce, nauyin mutum ya canza, ƙodarsa ta canza, ba zan bi adadin da ke cikinta ido rufe ba.

Ummi_SS:
Likita na yarda, kuma ni kaina nakan faɗa musu in ciwon yau bai yi kama da wanda na saba ba. Amma a yi tambayoyin bayan an sa allurar, ko ana yi ana tambaya. Kashe zafi ba ya hana a gano cuta.

Dr_Shehu_K:
A nan ba mu da saɓani.

Sadiya_M:
Ni matsalata da abin hannu ko sarƙar da ake rubuta cuta a jiki ita ce tonon asiri. Ba kowa ke son duk wanda ya gaisa da shi ya san yana da farfaɗiya ba, musamman budurwa ko mai neman aiki.

Kabiru_Injiniya:
Sadiya, yawancin wayoyin yanzu suna da wurin bayanin lafiya na gaggawa da ake iya buɗewa ko wayar tana kulle. Sai dai in wayar ta fashe a haɗarin ko caji ya ƙare, shi ke nan. Ni na sa wa Baba duka biyun, na waya da na cikin walat.

Lauya_Bashir:
Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, wato sai an biya kafin a taɓa mutum. Wannan ya danganta da dokar kowace ƙasa. A Amurka tun 1986 akwai dokar da ta tilasta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin inshorar gwamnati su duba duk wanda ya zo sashen gaggawa su daidaita shi ko yana da abin biya ko babu. Ya kamata kowa ya nemi sanin abin da dokar inda yake zaune ta ce. Hajiya Maman Hanif, shawarata ku rubuta ƙorafi ga shugabannin asibitin, cikin ladabi, da lokacin isowarku da lokacin da aka yi allurar. Abin da aka rubuta shi ake ajiyewa a fayil.

Nas_Rabi:
Ku rubuta, amma ku sa har da yawan ma'aikatan da kuka gani a daren. In ba haka ba nas ɗaya za a kira a yi wa faɗa, gobe kuma a sake barin mutum biyu da ɗaki cike.

Maman_Hanif:
An sallamo shi yau da rana, alhamdu lillahi, yana gaishe ku. Na karanta masa abin da Ummi ta rubuta, ya daɗe bai ce komai ba, sai ya ce haka ne wallahi. Ranar Talata muna da ganin likitansa na jini, zan nemi ya rubuta mana takardar kamar yadda Likitan Dare ya zayyana, da kwanan wata saboda maganar Dr Shehu. Ƙorafin ma zan rubuta, kuma Sista Rabi zan sa abin da kika ce. Abin da har yanzu ban samu amsarsa ba shi ne, in na miƙa takardar wanda ke kan aiki ya ƙi ko kallonta, a wannan daren me zan yi?

Likitan_Dare:
Ki nemi babbar nas mai kula da sashen a wannan daren, ko babban likitan da ake kira. Kowane sashe yana da su. Ki faɗi cutar, ki faɗi minti nawa kuka yi, ki roƙi a sake tantance shi. Ba zan ce miki kullum yana aiki ba.

Baban_Mubarak:
Ku gafarce ni na shigo a makare. Ɗana ɗan shekara 6 yana da himofiliya, jininsa ba ya daskarewa. An ce mana ba a yi masa allura a tsoka, ba a ba shi asfirin, kuma in ya bugi kansa a fara sa masa sinadarin daskarar da jini kafin a tura shi hoto. To asibitin da ya fi kusa da mu ba su ajiye sinadarin, wanda ke da shi kuma tafiyar awa 2 ce. In abu ya faru da dare, wanne zan fara nufa? Likitan Dare ko Dr Shehu, don Allah in kuna kusa.